Kuɗin Naƙasasshe Amana Ne: Yadda Ake Riƙonsa a Ƙasar Ostiraliya

Jawabin da magatakardan ɗaya daga cikin rassan ƙungiyarmu ya yi wa wakilan rugage da zanguna





Komiti ya ɗora mini in yi muku bayani a kan wata magana da ba mu cika ɗaukowa ba in mun taru, ita ce maganar naƙasassu da kuɗin da ake ware musu. Babu zangon da ba shi da nasa. Akwai makaho, akwai kurma, akwai yaron da shan inna ya riƙe wa ƙafa, akwai magidancin da sa ya kayar ya taɓa masa baya, akwai wanda ya faɗa rijiya wajen ban ruwa bai ƙara tashi daidai ba. In taimako ya zo da sunan ɗayansu, daga gwamnati ko daga wata ƙungiya, tambaya ɗaya ce take tasowa: wa zai riƙe kuɗin, kuma a kan me za a kashe su? A nan ne zumunci yakan ɓaci, shi kuma mai abin ya tashi hannu wofi.

Zan ɗauki misalin ƙasa ɗaya da ta zauna ta shimfiɗa wa wannan magana doka, ita ce Ostiraliya. Arzikinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, kowa ya sani. Amma ƙa'idodin da suka sa wa riƙon kuɗin, mai jika goma ma yana iya aiki da su.

Wace ƙasa ce, kuma yaya aka soma?

Ostiraliya babban tsibiri ne can gabas mai nisa, girmanta ya kai Nijar sau 6. Yawan jama'arta bai yi nisa da namu ba, wajen miliyan 27 a 2024. Ƙasar kiwo ce, tumakinsu sun ninka mutanensu fiye da sau biyu, tsakiyarta kuma busasshen daji ne mai ƙarancin ruwa.

A da, gwamnatocin jihohinsu suna ba gidajen kula da naƙasassu da ƙungiyoyi kuɗi dunƙule, su kuma su raba taimako yadda suka ga dama. Mutum biyu masu naƙasa iri ɗaya, wannan ya samu, wancan ya yi shekaru yana jira, don kawai jiharsu ba ɗaya ba ce. A 2011 wata hukumar bincike ta gwamnati ta fitar da rahoto, ta nuna kuɗin ba su isa ba, rabon ba adalci, kuma mai naƙasa ba shi da ta cewa a kan abin da ake yi masa. Naƙasassu da iyalansu da ƙungiyoyinsu suka haɗa kai suka yi ta kira, har majalisar dokoki ta yi doka a watan Maris 2013, lokacin Julia Gillard tana shugabar gwamnati. Sunan shirin NDIS, hukumar da ke tafiyar da shi kuma NDIA. An soma gwaji ranar 1 ga Yuli 2013 a wurare kaɗan, daga 2016 aka shiga faɗaɗa shi, zuwa 2020 ya game ƙasar duka.

Daga ina kuɗin suke fitowa? Daga haraji. Gwamnatin tarayya da jihohi suna haɗawa. A 2014 an ƙara harajin lafiya da ake cirewa daga abin da mutum ya samu, daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 2, don a taimaka wa wannan asusu. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 abin da aka kashe ya haura dala miliyar 40. Ku lura, dalar ƙasarsu nake nufi, ba dala tamu ta kasuwa ba. A 2024 dalarsu ɗaya tana kusa da sefa 400, wato dala tamanin a lissafinmu.

Abin da shirin ya sauya shi ne wannan: kuɗi sun daina bin gidan kula da naƙasassu, sun koma bin mutum da sunansa. Shi ne zai faɗi abin da yake bukata, shi ne zai zaɓi wanda zai yi masa aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wa yake da haƙƙi?

Kada ku ɗauka duk mai naƙasa ne yake ciki. Ƙidayar da suka yi a 2022 ta nuna mutum miliyan 5.5 ne suke da wata naƙasa, babba ko ƙarama. Waɗanda suke cikin shirin kuwa a tsakiyar 2024 sun ɗan haura 660,000, kusan rabinsu yara.

Sharuɗɗan shiga su ne: mutum bai kai shekara 65 ba ranar da ya nema, ɗan ƙasa ne ko mai takardar zama ta dindindin, naƙasarsa mai ɗorewa ce, kuma ta rage masa ƙarfin yin abubuwan yau da kullum ƙwarai, kamar tafiya, magana, koyo, wanka da cin abinci, ko hulɗa da jama'a. Akwai ƙofa ta biyu, ita ce ta taimakon wuri: in an ga yaro yana baya wajen tafiya ko magana, ana soma taimaka masa tun yana ƙarami, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Likita ko wani masani ne yake rubuta shaida. Ba a duba arzikin mutum. Mai garke da wanda ba shi da ko akuya, ma'auninsu ɗaya, ita ce naƙasar.

Ku riƙe wannan da kyau: kuɗin shirin ba albashi ba ne, ba kuma kuɗin cefane ba ne. Kuɗin zaman gida na wanda ba ya iya aiki suna fitowa daga wata hukuma daban. Magani da ganin likita suna ƙarƙashin tsarin lafiya. Karatun yaro yana wuyan lakwal. Shirin yana ɗaukar nauyin da naƙasa ta ƙara wa mutum kawai, wanda mai lafiya ba ya ɗauka.

Takardar tsari

In an karɓi mutum, sai a zauna da shi, da wanda ya yarda ya raka shi. A tambaye shi yadda yake wuni, wa ke taimaka masa a gida, me yake son ya cim ma. Wani zai ce yana son ya iya zuwa kasuwa shi kaɗai. Wata za ta ce tana son ta koyi sana'a. Uwa za ta ce tana son ɗanta ya iya faɗin abin da yake so. Daga wannan zama ake rubuta takardar tsari: ga burin mutum, ga taimakon da iyali da unguwa suke yi, ga abin da gwamnati za ta biya, ga adadin kuɗi, ga ranar somawa da ranar da za a sake dubawa.

Kafin a sa abu cikin takarda sai ya ratsa ma'auni. Ya kasance yana da alaƙa da naƙasar. Ya kasance zai taimaka wa burin da mutum ya faɗa. Kuɗinsa ya yi daidai da amfaninsa. A san yana aiki, ba jita-jita ba. A kuma duba abin da ya kamata iyali su yi da kansu, don uwa ba ta neman lada a kan ciyar da jaririnta.

Dokar da ta soma aiki ranar 3 ga Oktoba 2024 ta ƙara fayyace magana. An fitar da jerin abubuwan da ake iya saye da kuɗin, da jerin waɗanda aka hana. Kuɗin haya, cefane, kuɗin wuta da ruwa, taba, giya, caca, duk suna cikin waɗanda aka hana. Wanda ya kashe kuɗin a inda ba a yarda ba, hukuma tana iya bin sa bashi, tana kuma iya karɓe riƙon kuɗin daga hannunsa.

Rumbu uku

Kuɗin da ke cikin takarda ba a tuli ɗaya suke ba. Ku ɗauke su kamar rumbu uku a gida ɗaya.

Rumbu na farko na yau da kullum ne. Daga nan ake biyan wanda zai zo ya taimaka da wanka, sa tufa, dafuwa da shara, ko ya raka mutum cikin jama'a. Daga nan ake sayen ƙananan kayan da suke ƙarewa, kamar ƙunzugun manya ga wanda ba ya riƙe fitsari. Wannan rumbu yana da sauƙi: galibi mutum yana iya rage nan ya ƙara can, muddin bai fita daga abin da aka yarda ba.

Rumbu na biyu na gina mutum ne. Masu gyaran gaɓoɓi, masu koyar da magana, koyon sana'a, neman aiki, da mai taimaka wa mutum ya haɗa kan masu yi masa aiki, duk daga nan ake biyansu. A nan kowane kashi da nasa suna. Kuɗin koyon sana'a ba a kai su wajen gyaran gaɓoɓi. Ku da kuka san habbanaye kun fi kowa gane hikimar wannan rumbu. Wanda aka ba aron saniya ba nono kawai aka ba shi ba, an ba shi hanyar da zai tsayar da nasa garke. Haka wannan kashi yake: ana kashe kuɗi yau don gobe mutum ya rage dogara ga wani.

Rumbu na uku na manyan kaya ne: keken guragu, ƙafar roba, na'urar magana, gadon majinyaci, gyaran gida ko mota don mai naƙasa ya iya shiga da fita. Wannan rumbu a kulle yake. Abin da aka rubuta shi za a saya. In kayan sun haura dala 15,000, sai masani ya auna mutum ya rubuta rahoto, a kawo takardar farashi, hukuma ta amince tukuna.

Me ya sa aka raba haka? Don bukatar yau kullum ta fi ƙara. In kuɗin keke da na wanka suna wuri ɗaya, wata shida ba za ta yi ba kuɗin keke sun narke, mutum yana nan zaune inda yake. Mu ma ba mu haɗa iri da hatsin ci a buhu ɗaya.

Hanyoyi uku na riƙon kuɗi

Nan ne zuciyar maganar, ku ba ni kunnuwanku.

Hanya ta farko, hukuma ta riƙe. Mai naƙasa ba ya taɓa kuɗi. Wanda ya yi masa aiki shi zai aika wa hukuma lissafi, ta biya shi kai tsaye. Sauƙinta, ba ruwan mutum da takardu. Wahalarta, sai wanda hukuma ta yi wa rajista kawai zai ɗauka, kuma ba a wuce farashin da hukuma ta ƙayyade. In a garinku ba mai rajista, kuɗi suna nan a rubuce, aiki babu.

Hanya ta biyu, a ɗauki ma'aji. Shi ma'ajin dole ya kasance mai rajista. Aikinsa ya karɓi takardun biya daga masu aiki, ya duba su, ya nemo kuɗi daga hukuma, ya biya, ya aje lissafi, ya riƙa aika wa mai abin bayanin abin da ya fita da abin da ya rage. Ladarsa daban ake sa ta cikin takardar tsari, ba a cire ta daga kuɗin taimakon mutum. Da wannan hanya mutum yana iya ɗaukar mai rajista da marar rajista, amma farashin hukuma yana nan. Fiye da rabin mutanen shirin wannan hanya suka zaɓa. Ma'aji kamar makiyayin da aka ba kiwon amana yake: yana da ladarsa, amma dabba ba tasa ba ce, ba shi sayarwa, ba shi musanyawa, kuma duk ranar da mai ita ya zo sai ya nuna masa ita. In mutum bai ji daɗin ma'ajinsa ba, yana da ikon sauya shi.

Hanya ta uku, mutum ya riƙe da kansa, ko uba da uwa su riƙe wa yaro, ko wakilin da aka naɗa a rubuce ya riƙe wa babba. Wannan ta fi ƴanci. Yana iya ɗaukar wanda ya so, ya yi ciniki, ya samu rahusa ya ƙara awoyin taimako, ko ya biya sama da farashin hukuma in ya ga aikin ya cancanta. Yana ma iya ɗaukar ma'aikaci nasa na kansa, amma sai ya bi dokar aiki, ya biya haraji da inshora da kuɗin ajiyar tsufa na ma'aikacin. Nauyinta kuma ya fi. Shi zai nemi kuɗi daga hukuma ta intanet, su shigo asusunsa na banki, ya biya kan lokaci. Shi zai aje kowace takardar biya har shekara 5, don ana iya zuwa bincike kowane lokaci. Takardar kuma sai ta nuna sunan mai aiki, ranar aiki, irin aikin, awa nawa, da kuɗi nawa. Wanda bashi ya karya, ko aka ga riƙon zai jefa shi cikin haɗari, ba a ba shi wannan hanya.

Ana iya haɗawa. Mutum ya riƙe rumbun yau da kullum da kansa, ya bar wa hukuma na manyan kaya. Ba wadda ta fi wata a kowane hali. Mai ilimin lissafi da lokaci ya ɗauki ta uku. Wanda ciwo ya sha wa kai ya ɗauki ta biyu ko ta farko, ba abin kunya ba ne.

Wani abu da zai ba ku mamaki: a ƙa'ida ba a biyan ɗan gida, uwa ko miji ko ɗan uwa, don ya kula da nasa, sai in hali ya tilasta, kuma sai hukuma ta yarda. Dalilinsu shi ne, in abincin gida ya rataya ga naƙasar mutum ɗaya, da wuya ya buɗe baki ya ce aikin bai yi masa ba, kuma da wuya a bar shi ya fita ya tsaya da ƙafarsa.

Lissafi, kada rani ya riske ka ba dusa

Mutane da yawa sun shiga wahala don sun cinye kuɗin shekara cikin ƴan watanni. Shi ya sa daga watan Mayu 2025 sababbin takardun tsari suke zuwa da zango-zango, galibi wata uku-uku. Ba a buɗe maka kuɗin zango na biyu sai lokacinsa ya yi. Abin da ka rage a zango na farko yana bin ka zuwa na biyu. Amma in takardar ta ƙare aka yi sabuwa, ragowar ba ta bin ka, tana komawa asusu.

Ga misali, don ku ga yadda lissafin yake. A ce an rubuta wa mutum dala 26,000 a shekara don mai taimaka masa a gida. Zango ɗaya 6,500 ke nan, mako ɗaya 500. A 2025 farashin awa ɗaya na irin wannan aiki, da rana, ranar aiki, wajen dala 70 ne, kusan jika 25 tamu. Ke nan yana da awa 7 a mako. In ya ji daɗi ya riƙa ɗaukar awa 10, mako ɗaya zai ci 700. Cikin mako na 10 kuɗin zangon sun ƙare, ya rage masa fiye da mako uku ba mai ɗaga shi daga gado. Kuma awar dare, da ta Asabar da Lahadi, da ta ranar hutu, sun fi tsada. Mai aiki yana iya sa kuɗin tafiyarsa. In mutum ya fasa aiki bai sanar da wuri ba, ana iya cire kuɗin kamar an yi.

Wannan ba baƙon lissafi ba ne gare ku. Mai buhu goma na dusa da ya soma ba dabbobi tun sanyi bai ƙirga watannin da suka rage kafin ruwa ya sauka ba, kun san yadda yake ƙarewa a bazara. Don haka ake shawartar kowa ya yi yarjejeniya a rubuce da mai yi masa aiki tun kafin a soma: aikin me, awa nawa, nawa ne, yaya ake fasawa, yaya ake rabuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar 2024 ta kuma sa iyaka: sai a nemi kuɗin aiki cikin shekara 2 da yin sa.

Mutanen daji

Wannan kashi ya shafe mu, don larurar tasu irin tamu ce. Masu kiwo na tsakiyar Ostiraliya da ƴan asalin ƙasar da ke zaune a ƙauyuka masu nisa, wasunsu sai sun yi ɗaruruwan kilomita kafin su ga mai gyaran gaɓoɓi. Hukuma ta san haka, shi ya sa ta ɗaga farashi: kashi 40 cikin ɗari a wurare masu nisa, kashi 50 a wurare masu nisa ƙwarai, don masu aiki su yarda su je. Duk da haka rahotannin hukumar kanta suna nuna mutanen daji ba sa cin kuɗin takardarsu kamar yadda mutanen birni suke ci. Ba don bukatarsu ta fi kaɗan ba, sai don ba wanda za su biya. Kuɗi a takarda ba sa yi wa mutum wanka.

Dabarun da suke gwadawa su ne: a ɗauki ƴan wurin masu jin harshen mutane su zama tsani tsakanin jama'a da hukuma, mutane da yawa su haɗa bukatunsu mai aiki ɗaya ya zo ya duba su a tafiya ɗaya, su raba kuɗin hanya, a yi wani aikin ta waya mai hoto. Babban binciken da aka yi wa shirin, wanda rahotonsa ya fito a Disamba 2023, shi ma ya tsaya a kan wannan giɓi, ya ce a wurare masu nisa sai an zauna da al'umma an tsara aikin tare da su.

Masu cin amana

Inda kuɗi suka taru, ƙuda ba ya rasa zuwa. An samu masu rubuta awa biyar alhali awa biyu suka yi. An samu masu neman kuɗin aikin da ba a yi ba sam. An samu masu ninka farashi da zarar sun ji kuɗin gwamnati ne. An samu masu yaudarar naƙasasshe da kyauta su karɓe lambobinsa su kwashe asusun. Tun 2018 akwai hukuma ta daban da take karɓar ƙara a kan masu aiki, tana iya cin su tara ko ta hana su aikin. A 2022 gwamnati ta haɗa ƴan sanda da hukumar haraji da wasu hukumomi wuri ɗaya don farautar ɓarayin shirin, an kuma kai mutane kotu.

Amma mai gadi na farko shi ne mai abin da iyalinsa. Shawarar da ake ba su ita ce: kada ka sa hannu a takardar da ba a cika ba, kada ka ba kowa lambarka ta sirri, duba lissafi kowane wata, ka gwada shi da abin da aka yi maka da gaske, in ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya a ranar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

In ba ka yarda da hukunci ba

Hukuma tana iya ƙin karɓar mutum, ko ta ba shi abin da bai isa ba. Doka ta ba shi wata 3 ya nemi a sake dubawa, kuma wani ma'aikaci daban ne zai duba, ba wanda ya yanke na farko ba. In bai gamsu ba, yana da kwana 28 ya kai ƙara gaban kotun duba hukunce-hukuncen gwamnati, wadda ba ta ƙarƙashin hukumar. In kuma halinsa ne ya sauya, ciwo ya ƙaru ko mai kula da shi ya rasu, yana iya neman a sake takardar ba sai ranarta ta zo ba. Wanda ya bar kwanakin suka wuce yana gunaguni a gida, ya sa wa kansa wahala.

Abin da za mu ɗauka

Ƴan uwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006. Nijar da Ostiraliya duk a shekara ɗaya suka amince da ita, 2008. A ƙasarmu an yi dokar kare naƙasassu a 1993, an yi wata a 2019. Ke nan in mun je gaban hukuma da maganar naƙasasshen da ke daji, ba bara muka je ba. Su ma can sai da suka haɗa baki suka yi ta kira kafin a saurare su.

Kafin nan, ga abin da kowane wakili zai iya somawa da shi in ya koma gida, duk ranar da taimako ya zo da sunan mai naƙasa, ko jika biyar ne.

Na ɗaya, a tambayi mai abin. Ko kurma ne, ko yaro ne, akwai hanyar jin abin da yake so. Kada a yanke a bayansa.

Na biyu, a raba kuɗin tun ranar da suka zo: na yau da kullum, na abin da zai tsayar da shi kamar tunkiya ko sana'a ko lakwal, da na kaya kamar keke ko sanda. In an saya masa dabba, a yi mata shaida gaban mutane, kowa ya san tasa ce ita da ɗiyanta.

Na uku, a faɗi sunan mai riƙo gaban shaidu biyu. In za a ba shi lada, a faɗe ta a fili tun farko.

Na huɗu, a sami littafi. Rana, abin da aka saya, nawa, wa ya karɓa. In ba mai boko, a rubuta da ajami. A karanta wa mai abin kowane wata.

Na biyar, a ƙirga watanni kafin a soma kashewa.

Na shida, kowane reshe ya kawo wa komiti yawan naƙasassun da ke yankinsa, da irin naƙasarsu, da inda ake samunsu da damina da inda ake samunsu da rani. Wanda ba a rubuta ba, ba a ware masa kome, kuma makiyayi mai tafiya shi ne na farkon wanda ake mantawa.

Nan zan tsaya don a samu lokacin tambayoyi.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu ikon riƙon amana, ya mai da kowa gidansa lafiya.